Da Mudun Wa Kuke Auna Nasara?

Akwai wata muguwar ɗabi'a da ta yi kaka-gida a zukatanmu, mu 'yan boko, wadda lokaci ya yi da za a tone mata asiri. Da zarar an ji wane ya ajiye aikin gwamnati a Minna ya koma Gwada noman doya, ko wani malamin makaranta ya ajiye alli ya kama fatauci, sai ka ga ana taɓe baki ana cewa, "Kaico, wane ya faɗi!" Wasu har su rantse sammu aka yi masa. Tambayarmu ga masu wannan jaje ita ce: da mudun wa kuka auna shi?

Mun san mudun nasu. Tun zamanin En'e, lokacin da akawu da malamin haraji suke cin karensu ba babbaka, aka cusa mana cewa cikakken mutum shi ne mai tebur da kujera da albashin ƙarshen wata. To amma tarihi ya sha fasa wannan mudu a gaban idonmu. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma, da yawansu a rediyo suka ji sunayensu. A 1984 aka sake kora, a 1986 kuma shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, albashi ya zama ruwa a kwando. Ko a 2024 da aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, buhun shinkafa ya haura wannan kuɗi a kasuwanni da dama. Kujerar da takarda ɗaya take raba ka da ita, ina dalilin yi wa wanda ya tashi daga kanta ta'aziyya?

Mai shakka ya kama hanyar Kuta daga Minna, ya tsaya a Gwada ranar kasuwa. Zai ga doya jibge ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari cif, ga dillalai suna ciniki, ga 'yan dako suna lodin manyan motoci zuwa biranen Arewa da Kudu. Nijeriya ce kan gaba a noman doya a duniya, kuma gumin irin waɗannan manoma ne ya kai ta can. Mai yi wa manomi dariya da safe, shi ne mai neman sakwara da daddare.

Sai dai kada mu fasa mudun ƙarya mu sassaƙa wani. Akwai masu cewa, "A bar shi, in ya sayi mota ya gina bene, sai mu yarda ya yi dabara." Waɗannan ma tafiyarsu ɗaya da na farko, domin sun tuɓe wa albashi rawani sun naɗa wa riba. A ɗauki Abubakar Imam, ɗan Kagara ta wannan jiha tamu ta Neja. Malamin Midil ne a Katsina, ya bar aji ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma har gobe da littattafansa ake koyon Hausa. Malam Aminu Kano ya ajiye koyarwa a Maru a 1950 ya rungumi siyasar NEPU. Ya nemi shugabancin ƙasa a 1979 bai samu ba, ya rasu a 1983 bai tara dukiya ba. In da mudun kujera ko na kuɗi za a auna shi, sai a ce ya yi asara. Wane mai hankali ne zai iya furta haka a Kano?

A ganinmu, mai sauya sana'a shi zai yanka wa kansa mudu, kuma tambayoyi uku sun ishe shi. Shin sabuwar sana'ar tana ciyar da iyalinsa da halal, ba roƙo ba ha'inci? Shin ta dace da baiwar da Allah Ya yi masa, har yana tashi da asuba ba da nauyin zuciya ba? Shin jama'a suna amfana da shi? Wanda ya amsa ukun nan da i ya ci nasara, ko da keke yake hawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar Shiroro. A 2021 hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban manoma da ƙauyukansu, wasu suka sami mafaka a makarantun Gwada da Kuta. Magidancin da ya saba cika rumbu ya wayi gari yana dako ko acaɓa, ba da zaɓinsa ba. In muka auna shi da mudun masu taɓe baki, mun haɗa masa zafi biyu, asara da wulaƙanci. Alhali kuwa wanda ya rasa gona bai rasa zuciya ba, ya riƙe 'ya'yansa da guminsa, ya fi ƙarfin tausayin raini.

Ba muna zuga kowa ya yi watsi da aikinsa ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Doya tana cin jari wajen iri da lebura, tana kuma shafe watanni a ƙasa kafin ta biya mai ita. Ɗan boko da ya nufi gona sai ya ajiye digirinsa a aljihu, ya durƙusa gaban manoman Gbagyi da suka gaji abin kaka da kakanni, domin girman kai rawanin tsiya ne.

Saboda haka muna kira ga iyaye da surukai da abokan zaman majalisa, su daina kashe wa 'ya'yan mutane gwiwa. Mu kuma ɗalibai da muke shirin fita daga jami'a, mu sani takardar shaida guzuri ce, hanya kuwa kowa da tasa. Allah Ya ba mu sana'ar da za ta riƙe mu da mutunci, amin.