SHIN MANTUWA MAGANIN CIWON SO CE?

Kwanakin baya ina cikin motar haya daga Dutsin-Ma za ni Kurfi, sai gardama ta ɓarke tsakanin wani saurayi ɗan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da wani dattijo, tsohon akawu, wanda ke zaune gaba kusa da direba. Abin da ya jawo ta kuwa wani fim ne na Amurka da saurayin ke kallo a wayarsa. Da dattijon ya nemi a gaya masa labarin, aka kuwa gaya masa, sai ya ce, "Kai ɗana, wannan ai haukan Turawa ne kawai, ba kai ba gindi." Saurayin ya ce, "Baba, wallahi da akwai irin wannan asibiti a Katsina, da ni zan fara shiga layi." Motar duka aka kwashe da dariya, amma na lura shi bai yi dariya ba. Wannan magana tasa ita ta sa na nemi fim ɗin na kalla, ita ce kuma ta sa na ɗauki alƙalami.

Sunan fim ɗin Eternal Sunshine of the Spotless Mind. Ya fito a 2004. Wani Bafaranshe, Michel Gondry, shi ya ba da umarni, Charlie Kaufman ya rubuta, kuma a 2005 labarin ya ci kyautar Oscar, watau babbar kyautar 'yan fim ta Amurka. An ɗebo sunan ne daga wata tsohuwar waƙa da mawaƙin Ingila Alexander Pope ya wallafa a 1717, inda ake sha'awar kwanciyar ran wanda ba ya tuna kome.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Joel, wanda Jim Carrey ya fito a matsayinsa, mutum ne shiru-shiru mai zurfin ciki. Clementine, watau Kate Winslet, mace ce mai rawar kai, ko launin gashinta ba ya daɗewa ba ta sake shi ba. Sun shekara biyu suna soyayya, sai suka ɓata. Cikin fushi ta tafi wani asibiti mai suna Lacuna, aka goge mata shi daga ƙwaƙwalwa ƙaƙaf, har ya zo gabanta ba ta gane shi ba. Da ya fahimci abin da ta yi, shi ma ya ce a yi masa. Aka umarce shi ya tattaro duk wani abu da ke tuna masa da ita, hotuna da takardu da tsarabobi, ya kawo. Da dare ma'aikata suka zo gidansa, suka kifa masa na'ura a ka, yana barci suna gogewa.

Mafi yawan fim ɗin a cikin kan Joel yake gudana a wannan dare guda, shi ya sa yake kama da mafarki: fuskoki na shafewa, rubutun littattafai na ɓacewa daga kanta, gida na rugujewa a bakin teku mutum na ciki. Na'urar tana farawa ne daga abin da ya faru kwanan nan, tana komawa baya. Saboda haka faɗa da baƙar magana su suka fara tafiya, ya ji sanyi. Amma da aka iso kwanakin alheri, sai ya ga abin da zai rasa, ya yi nadama, ya shiga jan hannunta yana gudu da ita, yana ɓoye ta cikin tunanin ƙuruciyarsa inda na'urar ba ta tsammani. Bai yi nasara ba. Gari ya waye bai san ta ba. Duk da haka ƙafarsa ta kai shi garin Montauk inda suka fara haɗuwa, suka sake gamuwa kamar baƙi, suka sake son juna.

To, bari mu fara da ra'ayin dattijon. Yana da gaskiya ta wani fanni. Labarin ba a jere yake ba, farkonsa kusa da ƙarshensa ne, wanda kuwa ya saba da fim mai tafiya kamar tatsuniya zai rikice. Har wa yau akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kamar zaman mace da namiji ba aure, da shaye-shaye, da ashar. Ba fim ne da za a kunna a tsakar gida gaban yara ba. Amma cewa ba shi da kai ba shi da gindi kuskure ne. Ai haka tunanin ɗan Adam yake. Wane ne a cikinmu yake tuna rayuwarsa a jere kamar rajistar makaranta? Ƙanshin wani turare, ko muryar wata a bayan katanga, ya isa ya jefa mutum shekara ashirin baya cikin ƙiftawar ido.

Kuma jigon ba baƙo ba ne ga mai kallo Bahaushe. Waɗanda suka yi zamanin silima za su tuna da finafinan Indiya irin su Madhumati na 1958 da Karz na 1980, inda tunanin tsohon so ke bin mutum har cikin wata sabuwar rayuwa. Za su kuma tuna da Sadma na 1983, inda Sridevi ta yi hatsari ta manta kanta, Kamal Haasan ya yi jinyarta, da ta warke kuma ta manta da shi, ya bi ta tashar jirgin ƙasa ta ɗauka mahaukaci ne. Bambancin shi ne, a waɗannan finafinai mantuwa ƙaddara ce da ke faɗa wa mutum. A wannan kuwa mutum ne ya je da ƙafarsa, ya biya kuɗinsa, ya saye ta.

A nan ne maganar saurayin ta dame ni, domin asibitin da yake nema, in an duba da kyau, akwai shi a garuruwanmu, suna ne kawai ya bambanta. Akwai mai zuwa wurin boka ya ce a cire masa wance daga rai. Akwai mai ƙona wasiƙu, ko a zamanin nan ya goge hotuna ya toshe lamba cikin minti ɗaya. Mafi muni, akwai mai neman mantuwa a cikin kwalba. Ba mu manta ba, a 2018 sai da Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da kuma yin maganin tari mai kodin, saboda yadda samari da 'yan mata, har da matan aure, suka mayar da shi abin sha. Ba duk mai sha ne so ya jefa shi ba, amma wanda ya taɓa zama da su ya san sau da yawa amsarsu ɗaya ce: suna so su manta da damuwa.

Ra'ayina shi ne, mantuwa irin wannan ba magani ba ce, kuma fim ɗin da kansa abin da yake nunawa ke nan. Hujjar da ta fi ƙarfi ba ta ma cikin labarin Joel, tana cikin na Mary, yarinyar da ke karɓar baƙi a asibitin. Tana son likitan, magidanci mai mata. Daren da abin ya fito fili, sai matarsa ta sa ta gane cewa ai an taɓa yin haka a baya: sun yi soyayya, abin ya ɓaci, aka goge mata. Da yake an ɗauke mata ciwon, an ɗauke mata darasin tare da shi, sai ta koma ta faɗa ramin da ta fito. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To wanda aka mantar da shi saran fa? Ai hannu zai sake zurawa cikin ramin.

Na ga irin wannan da idona. Wani ɗan'uwana ya saki matarsa bayan shekara shida, ya hana a ambaci sunanta a gidansa, ya sake fenti, ya sayar da gadon. In ka tambaye shi abin da ya faru sai ya ce, "Yaya, bar tuna baya." Kafin shekara ta zagayo ya yi sabon aure, kafin wata shekarar ta cika ita ma ta tafi, kuma kan dalili guda: saurin fushinsa da rashin zaman gida. Ya goge matar, bai goge halinsa ba, hali kuwa zanen dutse ne. Da ya yarda ya zauna da ciwon na ɗan lokaci, ya tambayi kansa ina nasa laifin yake, da watakila ta biyun tana ɗakinta yau.

Abin mamaki, tsarin da muka gada ya fi mu sanin wannan. Idda a saki na kome an tsara ta ne mace ta yi a gidan mijinta, suna ganin juna, domin in fushi ya huce a tuna da alheri, a mayar da aure. Mu kuwa me muke yi? Takarda na fita ake kiran mota a kwashe kaya, a bar ɗaki wayam, kamar yadda aka ce wa Joel ya tattaro kome ya kawo. Mun mai da saki ya zama na'urar gogewa. Daga baya kuma a ji ana yawon neman malamin da zai warware saki uku. Sa'ad da Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta fara aurar da zawarawa a 2012, an yaba, kuma ya cancanci yabo. Amma ɗaura sabon aure ga wanda bai tsaya ya karanta tsohon ba, kamar zuba ruwa ne a tulun da ba a liƙe ba.

Wani zai ce, "Malam, kana magana ne kamar wanda bai taɓa shan ɗaci ba." Wannan suka ce mai nauyi, ba zan kauce mata ba. A ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari akwai matan da 'yan bindiga suka kashe musu maza a gaban idonsu, akwai waɗanda aka tasa daga ƙauyukan da aka haife su. Mai irin wannan tabo in ya yi fatan mantuwa, ba wanda ya isa ya ga laifinsa. Irin wannan tunani yakan zama ciwo sosai, ya hana barci, ya hana cin abinci, kuma yana bukatar likita, ba wa'azi kaɗai ba. Amma mu dubi abin da likitocin ke yi. Tun 2000 wani masani, Karim Nader, ya nuna a jikin ɓeraye cewa duk sa'ad da aka tuno abu, sai ƙwaƙwalwa ta sake ajiye shi, kuma a wannan ɗan tsakani ana iya sassauta shi. Daga nan aka yi ta gwada magungunan da za su rage zafin tunani. Har yau babu na'urar da ke cire mutum guda daga kan wani. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce a zaunar da majinyaci, a bar shi ya faɗi abin da ya same shi sannu a hankali, har zafin ya ragu, labarin kuwa yana nan. Watau ta hanyar tunawa ake warkewa.

Ƙarshen fim ɗin ma a nan ya tsaya. Mary ta kwashe faya-fayen da majinyata suka ɗauka kafin a goge musu, ta aika wa kowa nasa. Joel da Clementine, waɗanda ke ganin yanzu suka haɗu, suka ji da kunnensu irin munanan maganganun da kowannensu ya faɗa kan ɗan'uwansa. Ta tashi za ta tafi, ta gargaɗe shi cewa abin da ya faru zai sake faruwa. Ya yarda, ita ma ta yarda, suka ci gaba. Waɗansu masu kallo na ganin wannan wauta ce, za su sake rabuwa ne kawai. Mai yiwuwa ne. Amma ni ina ganin a nan ne kaɗai suka yi zaɓi na masu hankali, domin karo na farko ke nan da kowa ya san aibin ɗan'uwansa kuma ya ce ya ji ya gani. So mai hana ganin laifi na 'yan kwanaki ne. Zama kuwa, zo mu zauna zo mu saɓa ne, sai wanda ya san laifin ya kuma iya ɗauka.

Saboda haka ina da kira uku. Ga 'yan makarantarmu na Jami'a da na Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita: in so ya ɓaci, kada ku nemi mafaka a kwalba ko wurin boka. Ku sami babba mai amana, ko malami, ko likita, ku faɗa masa. Hukumomin makarantu kuma su ƙarfafa ofisoshin ba da shawara, su zama wurin da ɗalibi zai shiga ba tare da jin kunya ba. Ga iyaye da alƙalai da limamai: a daina gaggawar kwashe kaya, a bar idda ta yi aikin da aka tsara ta dominsa. Ga masu shirya finafinan Hausa a Kano da Kaduna da Jos: mun gaji da jarumin da mota ke bugewa ya manta, wata motar ta buge shi ya tuna. Ku shiga cikin zuciyar bazawara a daren farko da ta koma gidan ubanta, ko ta magidancin da ya shiga ɗakin da aka kwashe, ku nuna mana abin da ke ciki. Labarin yana nan a ƙofar gidanku, ba sai kun ara daga Indiya ko Amurka ba.

Saurayin nan ya riga ni sauka, ban sami zarafin yi masa magana ba. In Allah Ya sa wannan takarda ta kai hannunsa, to ina ce masa: ɗana, abin da ke cin ranka yau zai yi sauƙi, kuma wata rana shi ne zai hana ka zaluntar 'yar wani, ko ka bari a zalunce ka. Kada ka yarda a raba ka da shi. Waiwaye adon tafiya ne. Allah Ya ba mu haƙurin ɗaukar abin da ya wuce, da basirar amfani da shi, amin.