Tekun Littattafanmu Babu Gishiri

A wannan makon zan sosa mana inda yake ƙaiƙayi. Wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani babi da na gaji da karantawa a rubuce-rubucen da ake turo mini in duba. An ɗaura aure, an kai amarya, kwana uku sai ga ango da tikitin jirgi. Sai Dubai, ko wani birnin bakin teku da shi kansa marubucin bai tabbatar a wace ƙasa yake ba. Suna sauka sai otal "na gani na faɗa", sai gaɓar teku "mai ɗaukar hankali", iska "mai daɗi" tana kaɗawa, amarya ta ɗora kai a kafaɗar ango. Shi ke nan. Birni guda babu direba, babu mai shara, babu wari, babu wanda ya yi musu yaren da ba su ji ba. Ka goge Dubai ka rubuta Jidda ko Legas, harafi ɗaya ba zai canja ba. Irin labulen nan ne na mai ɗaukar hoto, wanda muke tsayawa gabansa ranar sallah, an zana masa bene da jirgin sama.

Maganata ɗaya ce. Wanda zai kai mai karatu bakin teku, ya fara kai kansa, ko ya zauna gaban wanda ya je. In kuma ya je, kada ya bar idonsa na gida a gida.

Ni ɗan Rabah ne. Ruwa mafi girma da na sani shi ne gulbinmu in ya cika da damina, sai madatsar Goronyo. Bara, bayan an cire albasa, na roƙi kawuna ya bar ni in bi motar kayansa zuwa Legas, ba don ciniki ba, don in ga teku kawai. Ya dube ni ya ce yawon banza. Na ce na ji, a dai bar ni. Muka bi ta Jega, Yawuri, Kontagora, muka haye Kwara a Jebba, muka ratsa Ilori da Ibadan.

Abu na farko da ya ƙaryata littattafanmu shi ne rana. Tamu ta Sakkwato busar da mutum take yi, leɓe ya tsage. Tasu jiƙa mutum take yi. Na wanke riga da yamma, gari ya waye tana nan da danshinta. Na biyu ita kanta tekun. Kafin ka gan ta za ka ji ta, wani irin gurnani kamar hadari na tasowa amma ba ya ƙarasowa. Ka lasa leɓenka ka ji gishiri alhali ba ka taɓa ruwan ba. Igiyar ruwa in ta zo ta koma, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka take janyewa, har ka ji kamar ƙasa ce ke guduwa da kai. Na ji tsoro, kuma ban taɓa karanta ango ɗaya da ya ji tsoron teku ba.

Ina tsaye sai wani yaro mai jan dokin haya, irin wanda masu yawon buɗe ido ke hawa a ɗauke su hoto, ya kalli hulata ya ce, "Malam, kai mutumin Sakkwato na?" Na ce awo, Rabah. Ya ce shi daga wani ƙauye yake a ƙasar Goronyo. Gonarsu ta gagari zuwa saboda 'yan bindiga, sai ya gangaro kudu. Da rana yana jan doki, da dare yana gadi. Na yi tafiyar da ta haura kilomita dubu don in ga baƙon wuri, sai na tarar da labarin gidanmu riƙe da linzami. Ku faɗa mini, tsakanin yaron nan da amaryar da ke kafaɗar ango, wane ne labari?

Ana cewa Legas birnin kowa da kowa ne, amma mu kan manta muna cikin kowan. A 1863 Baturen mulki John Glover ya kafa wata 'yar runduna ta Hausawa a can, kuma daga ita ake ƙirga asalin sojan Nijeriya. Zangon Agege da cinikin goro ya bunƙasa. Kasuwar Mile 12, inda muka sauke kayan kawu, albasar Goronyo da Wurno na cikin abin da ke cika ta. A tsibirin Legas akwai Popo Aguda, unguwar zuriyar bayin da suka dawo daga Brazil, akwai masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. Daga saman gada ta uku, wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, kana hango Makoko, inda masunta Egun suka kafa gidaje a kan ruwa. A cikin danfo guda sai ka ji Yarabanci da Ibo da buroka da Hausa. Kuma cuɗanyar nan ba zuma ce zalla ba: a 2016 an yi rikici a Mile 12 har aka rasa rayuka, a 2022 aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, abincin 'yan'uwanmu da yawa ya tsaya. Marubucin da ya je ya dawo da hoton kwakwa da tabarau kawai, ya yi asarar kuɗin mota.

Abin da ya fi cin raina a Badagry na same shi. A nan ake nuna wa baƙi hanyar da aka riƙa bi da bayi zuwa bakin jirgi. A nan kuma Hugh Clapperton ya sauka a ƙarshen 1825, ya nufo Sakkwato, inda ya mutu a 1827. Heinrich Barth ya zauna a Wurno a 1853. Duk sun rubuta mu, kasuwarmu da abincinmu da shigarmu, har gobe masana na buɗe littattafansu in suna neman labarin kakanninmu. Mu kuma mu je inda Clapperton ya fara tafiyar, mu ɗaga waya, mu yi murmushi, mu dawo.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno, da bayanin ƙasashe da mutanensu ya buɗe Infaƙul Maisuri, kuma shi ya ba Clapperton taswirar ƙasar nan a zuwansa na 1824. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo da Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Gadonmu ne, mu muka yar.

Na san amsar da ke bakinku. Za ku ce babu kuɗi, hanya kuma ba lafiya. Gaskiya ne, ba zan ce kowa ya jefa ransa a hanya don babi ɗaya ba. To amma wace unguwa ce a Rabah ko Wurno babu ɗan ci-rani da ya yi shekaru a Legas ko Kwatano ko Fatakwal? Wace ce babu alhaji ko hajiyar da ta ga Jidda? Kin taɓa zama gaban ɗayansu da takarda da biro? Ki tambayi Hajiya abin da ya fara ba ta mamaki, ka tambayi ɗan dako inda yake kwana in ana ruwan sama.

Za ku ce ƙagaggen labari ne, mai karatu hutu yake nema. Na yarda, ni ma ina son labarin soyayya. Sai dai ƙarya ma tana son tushe. A kai amarya Dubai, ba laifi, amma a san cewa mafi yawan mazauna birnin baƙi ne 'yan neman abinci, a bar ta ta yi ciniki da Ba'indiye, ta ji Hausa a kasuwar Deira ta waiwaya. Soyayyar ba za ta ragu ba, mai karatu ne zai fara yarda da ita.

Ga inda asarar take. Dubban mutanenmu suna rayuwa a bakin teku, suna turo kuɗin gero gida, wasu a can ake binne su. In ba mu rubuta su ba, abin da zai rage a kansu shi ne kanun labaran ranar da aka yi faɗa. Jikokinmu kuma za su buɗe littattafanmu su tarar kakanninsu duk a otal suka kwana.

Aikin makon nan: shafi ɗaya a kan wani ruwa da ka gani da idonka, teku ne, gulbi ne, ko tafkin bayan gari. An haramta "mai kyau", an haramta "mai daɗi". A sa mutum ɗaya da ke cin abinci a bakin ruwan, a bar shi ya yi magana da bakinsa.

Allah ya ƙara mana basira, ya ba ƙasarmu lafiya.