New Bell: Sakatar da ke tsakanin bokitin katafila da ran lebura

Tun bayan ruftawar benen nan na unguwar Ange Raphaël a Douala ranar 23 ga Yulin 2023, wanda ya halaka mutane sama da 30, hankali ya koma kan ingancin gine-gine da rusa waɗanda suka tsage. Sai dai ba a cika maganar injinan da ke yin rusau ɗin da haƙar magudanan ruwa ba, alhali su ma suna ɗauke da nasu haɗarin.

Katafilar haƙa guda ɗaya takan yi aiki iri-iri a yini. Da safe a ɗaura mata gudumar fasa kankare, da rana a cire a mayar da bokitin kwasar ƙasa. A katafila mai tan 20, bokitin kan haura kilo 500, gudumar kuwa ta haura tan 1. Abin da ke riƙe da su shi ne mahaɗin da masu aikin ke kira attache rapide da Faransanci. Akwai samfurin da sai direba ya sauko ya zura sakatar kulle da hannunsa. Idan ya yi ganganci, bokitin zai yi kamar ya kama, sai an ɗaga shi sama ya suɓuce.

Birtaniya ta ga illar haka. Bayan bokitai sun faɗo sun kashe ma'aikata, masu ƙera wannan samfurin sun daina sayar da sababbinsa a ƙasar a 2008, kuma a 2016 aka fitar da ƙa'idar duniya ta ISO 13031 kan tsaron mahaɗan. To amma tsofaffin injinan Turai ba su ɓace ba. Irinsu ne ake saukewa a tashar jiragen ruwan Douala a matsayin na hannu.

A New Bell haɗarin ya ninka. Lungunan unguwar Hausawa da kewayen Marché Congo matsattsu ne, ga 'yan tebur, ga masu babur, ga yara masu son kallon inji. Da damina kuma ƙasa kan jiƙe ta yi laushi, ta yadda kan da ya fi ƙarfin katafila zai iya rinjayarta ta kife a bakin rami. Ɗan kwangilar da ya yi hayar inji na yini ba ya son a ɓata ko minti 5, don haka gwajin kulle ne ake fara tsallakewa.

Matakan ba su da tsada. A sauya kai a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A kashe inji a sauke matsin man haidirolik kafin a taɓa tiyo, domin man da ya tsarto da ƙarfi yana huda fata. Direba ya ga sakatar da idonsa, ya danna bokitin a ƙasa ya jijjiga shi kafin ya ɗaga. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin hannun injin, kuma a bincika inda bututun Camwater da wayoyin lantarki suka bi kafin a fara haƙa.

Doka ma tana nan. Dokar ƙwadago ta 1992 da ƙa'idar tsaron wuraren aiki ta 26 ga Nuwamban 1984 sun ɗora alhakin kare ma'aikaci a kan wanda ya ɗauke shi, hukumar CNPS kuma ita ke biyan diyyar haɗarin aiki. Sai dai leburan da ake sallama kullum da yamma galibi ba su da rajista, don haka idan tsautsayi ya auku, iyali ne ke biyan asibiti.

Hukumar birnin Douala, wato CUD, da ƙaramar hukumar Douala 2e na da damar gyara wannan tun daga takardar kwangila: a sharɗanta shaidar horon direba, duba mahaɗi kowace safiya, killace wurin aiki da rajistar leburori. Sarakunan unguwa da limamai kuma su ja kunnen iyaye kan yaran da ke zagaye inji. Mazauna New Bell na buƙatar magudanan ruwa kafin ruwan Yuli da Agusta, amma bai kamata a biya kuɗinsu da ran kowa ba.