Kafin Mu Sayi Karen Kangal

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, kwanan nan a kara da mashaya ana ta zancen manyan karnukan ƙasashen waje, wai su ne maganin kura da ɓarawo. Wanda aka fi ambata shi ne Kangal. To, ga ra'ayinmu.

Asalin karen nan lardin Sivas ne a ƙasar Turkiyya. Jikinsa ruwan ƙasa, bakinsa baƙi, namijin yakan kai kilo 60. Ba ya kora dabbobi, ba ya juya garke. Aikinsa ya kwana a cikinsu, in ya ji motsi ya yi haushi, ya tsaya tsakaninsu da abin da ya zo. A shekarar 1994 wata ƙungiyar kare namun dawa ta fara raba irin waɗannan karnuka ga masu awaki da tumaki a Namibiya, kuma ɓarnar namun dawa ta ragu ƙwarai.

Amma abin lura a nan shi ne, can tun yana ɗan kwikwiyo ake sa shi cikin awaki, ya tashi da warinsu har ya ɗauke su danginsa. Wanda ya sayi ƙaton kare da ya girma a ɗaure a gidan birni, ya kawo shi ruga, ya sayi baƙo ne mai haƙori. Bai san ɗan maraƙi ba, bai san yaran ruga ba.

Ga kuma ci. Ragowar tuwo da ɗan nono ba za su riƙe shi ba. Gashinsa na ƙasar sanyi ne, dole inuwa da ruwa a bazara, dole a riƙa cire masa kaska, dole allurar rigakafin haukan kare wurin likitan dabbobi. Wa zai ɗauki wannan nauyi a hanyar mashekari?

Babban tsoronmu shi ne burtali. Ranar da kare irin wannan ya ciji ɗan manomi a bakin rijiya, ba mai karen kaɗai za a kama ba, duk makiyayan yankin za su sha, kuma ƙungiya ce za ta je gaban hukuma.

Muna da namu. Karen Azawak da Buzaye ke kiwo tsakanin Nijar da Mali siriri ne, amma yana jure rana da tafiya, kuma baƙo ba ya kusantar zango bai ji ba. Mu fara da ciyar da wanda ke hannunmu da yi masa allura.