Mu ajiye butar shayi, mu tafi neman turakun burtali

Assabar ɗin da ta wuce, mu huɗu muka hau moto biyu daga Tasawa muka nufi Gulbin Kaba, wajen Kanambakashe. Da muka ce turakun siminti za mu nema, ƴan fadarmu sun yi ta yi muna dariya. Wani ya ce, "Ku da kuka yi jami'a, abin da ya rage muku ke nan, bin duwatsu cikin daji?" To, ga amsata.

A Birtaniya hukumar taswirar ƙasar ta kafa ginshiƙan awo wajen 6,500 tun daga 1936, mafi yawa bisa tuddai. Yau tauraron ɗan'adam ya karɓe aikinsu, amma mutane na hawa tudu da ƙafa don su gano su, su ɗauki hoto, su rubuta lambarsu. A Amurka ma haka. A can nishaɗi ne kawai. Mu nan, turken siminti guda na iya raba gardamar da za ta kai ga zubar da jini.

Alamun awo da ke kewaye da mu iri-iri ne. Akwai duwatsun kilomita na bakin babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram. Akwai ƴan ƙananan borni na kusurwar filayen da aka yanka cikin gari. Can kudu akwai alamun iyakar Nijar da Najeriya, guda 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Cadi, waɗanda ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka tsayar tsakanin 1906 da 1908. Amma waɗanda suka fi shafar tuwonmu su ne turakun da ke shata burtali da makiyaya da mashayar dabbobi.

Ba banza aka kafa su ba. Iyayenmu ba su manta da Toda ba, cikin gundumar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci mutum sama da 100, mafi yawansu mata da yara. A 1993 aka yi dokar Kod Rural, wadda ta haifar da hukumomin filaye da muke kira Kofo, tun daga ƙauye har komin har gunduma. A 2010 dokar kiwo ta ƙara tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙi ne, kuma burtali dukiyar jama'a ce, ba gonar kowa ba. Kafin a kafa turke sai an zauna da masu gonaki da makiyaya da maigari an yarda. Turken nan shi ne shaidar wannan zama.

Ga abin da muka gani. Wani dattijo makiyayi ya yarda ya raka mu. Turke na farko yana tsaye daram. Na biyu ya karkace, rairayi ya binne rabinsa. Na uku babu shi, sai rami da karan hatsi kewaye da shi. Na ce, "Baba, da can burtalin ina ya tsaya?" Ya nuna wata goriba can cikin tsakiyar gona, ya ce, "Ɗana, har can shanuna ke wucewa ba su taɓa shuka ba." Daga baya muka tarar da turken a ƙofar wani gida, an ɗaure jaki jikinsa.

Ban zo zagin manomi ba, ni ma hatsin gona ya yi min kuɗin lekol. Ƙasa ta gaji, iyali na ƙaruwa, gonar da uba ɗaya ya noma yau ɗiya shida ke rabonta. Kowace damina sai mutum ya ƙara kunya biyu cikin burtali, maƙwabcinsa ya gani shi ma ya ƙara. Shekara goma, hanyar da garke ke bi ta koma hanyar jaki. Ranar da shanu suka faɗa cikin wake, sai a ce Bafillace ya yi ɓarna, a jawo sanda da adda, alhali rigimar ta fara tun ranar da turke ya faɗi ba wanda ya rubuta.

Wani zai ce wannan aikin Kofo ne da ma'aikatan awo. Gaskiya ne. Sai dai mutum nawa gare su, mota nawa, mai nawa, da za su zagaye daga Urafan zuwa Sarkin Hausa kowace shekara? Mu ko muna da ƙafa, muna da lokaci, kuma salular da muke kashe mata kuɗi a TikTok tana da GPS.

Abin ba wuya. A tafi bayan an kwashe amfanin gona, da sassafe, da ruwan sha. A fara gaida maigari a faɗa mashi abin da ya kawo ku, a roƙi rakiyar manomi guda da makiyayi guda. Duk turken da aka gani a ɗauki hotonsa, a rubuta wurin da GPS ya nuna, da lamba in akwai, da halin da yake ciki: tsaye, karkace, kwance ko babu. Kada a taɓa, kada a matsar, ko da niyyar gyara ce. Kada a saka sunan mai gona a Facebook. Mu ba alƙalai ba ne. A kai rahoton ga Kofo ta komin, a riƙe kwafi. Bakin iyaka da wuraren jami'an tsaro kuwa, a halin da ake ciki a bar su.

Kuma wallahi akwai daɗi. Cikin wuni guda na koyi sunayen ciyayi da ban taɓa ji ba, na sha nono a ruga, na gane ashe ban san ƙasar da aka haife ni ba.

Assabar mai zuwa za mu koma, daga inda turke na uku ya ɓace. Kowace fada ta zaɓi burtali guda kusa da ita. Wa zai zo da mu?