Kada A Yi Saurin Zargin Batir

Mukan ga maigida ya sa wa motarsa amfilifaya da manyan lasifikoki, ba a jima ba sai ga yara suna tura ta kowace safiya. Ya sayo sabon batir, shi ma ya mutu.

Shawararmu, kafin a sake kashe kuɗin cefane, a cika batir da caji, a cire fiyus ɗin amfilifayar, a bar motar ta kwana. In ta tashi da safe, to an kama ɓarawo. Galibi mai wayarin ne ya haɗa siririyar wayar kunna amfilifaya kai tsaye da batir, ba ta bi ta makulli ba, tana ta shan wuta har cikin dare.

In ta ƙi tashi, a auna altanato da mita. Inji yana aiki, kamata ya yi a ga wajen volt 14. In ya tsaya a 12, caji ba ya shiga.