Raddi Ga Masu Cewa Yaƙi Ne Ya Ɗaukaka Maurice Richard

Tun Maurice Richard yana raye ake yawo da wata magana tsakanin wasu masu bin wasan hoki na ƙanƙara, wai darajar ɗan wasan nan na ƙungiyar Montreal Canadiens kumburi ne, ba ƙiba ba. Wai Yaƙin Duniya na Biyu ne ya share masa fage, siyasar lardin Kwibek kuma ta kambama shi. Maganar tana da hujjoji, don haka ta cancanci amsa.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kakar 1944-45, wadda Richard ya ci ƙwallo 50 a wasa 50. Suka ce a lokacin gwanaye sun tafi aikin soja. Wannan gaskiya ne. Milt Schmidt da Woody Dumart da Bobby Bauer na Boston sun shiga rundunar sojan sama ta Kanada tun 1942, Toronto kuma ta rasa Syl Apps da mai tsaron ragarta Turk Broda. Sukan ƙara da cewa da aka dawo daga yaƙi, a kakar da ta biyo baya, 27 kacal ya ci. Wannan ma haka yake.

To amma raunin masu tsaron raga ai ba Richard kaɗai ya tarar da shi ba. Kowane ɗan wasan gaba a ƙungiyoyi shida na gasar NHL su ya fuskanta, amma wanda ya zo na biyu a waccan kaka, Herb Cain, 32 ya ci. Tazarar 18 tsakanin na ɗaya da na biyu, wane yaƙi ne ya kawo ta? Sannan me ya sa suke tsayawa a 27 ɗin, ba sa ƙarasa karatu? A kakar 1946-47, sojoji sun dawo kaf, Richard ya ci 45 a gasa mai wasa 60, na bayansa suna da 30, aka ba shi kambun Hart na gwarzon shekara. Sau biyar ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, huɗu daga ciki bayan yaƙi. Gordie Howe ma, da duk ƙarfinsa, a 49 ya tsaya a 1952-53, cikin wasa 70. Ba a sake ganin 50 a wasa 50 ba sai a hannun Mike Bossy a 1981.

Suka ce ya noƙe wa yaƙi. Wannan ƙazafi ne. Ya kai kansa a ɗauke shi soja, likitoci suka mayar da shi saboda karayar idon sawu da ta wuyan hannu da ba su ɗoru daidai ba.

Suka ce bai taɓa zama zakaran maki ba, wato jimillar ƙwallon da mutum ya ci da wanda ya miƙa aka ci, kuma abokan wasansa Elmer Lach da Toe Blake ne ke dafawa shi yana ci. Sau biyu maki ɗaya tak ya raba shi da wannan matsayi: a 1947 Max Bentley yana da 72 shi yana da 71, a 1955 kuma Bernie Geoffrion ya wuce shi da 75 a kan 74, alhali an dakatar da shi kafin kaka ta ƙare. Blake ya bar wasa a 1948, Lach a 1954, amma a kakar 1954-55 Richard ya ci 38 babu ko ɗayansu. A wasannin neman Kofin Stanley kuwa, inda tsaro ke tsananta, ya ci 82, shida a ƙarin lokaci.

Saura zancen fushi da siyasa. Ba zan wanke shi ba. Ranar 13 ga Maris 1955 a Boston, bayan ɗan wasan Boston Hal Laycoe ya fasa masa kai da sanda, Richard ya rama da tasa sandar, ya kuma naushi mataimakin alƙalin wasa. Laifi ne babba. Shugaban gasar, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kaka da wasannin kofi, ranar 17 ga wata tarzoma ta ɓarke a Montreal. Masu jin Faransanci irinsa sun ɗauki hukuncin a matsayin wulaƙancin da suka saba gani daga masu jin Ingilishi. Sai dai a lura da wanne ya riga wanne. Jama'a sun fito saboda shi ne don ya riga ya zama gwarzonsu a fili. Tun 1952 ya zarce Nels Stewart, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a tarihin gasar. Washegarin tarzomar shi ya shiga rediyo ya roƙi mutane su kwantar da hankali, ya ce ya karɓi hukuncin. Da ya dawo, Montreal ta ɗauki kofi sau biyar a jere, daga 1956 zuwa 1960.

Yaƙi ya ƙare a 1945, Richard ya yi ritaya a 1960 da ƙwallo 544 da Kofin Stanley takwas, bakwai daga ciki bayan yaƙi. Mai son ya fifita Howe a kansa yana da abin faɗa, a zauna a yi muhawara. Amma wanda ya ce yaƙi ne ya ɗaukaka Richard, sai ya kawo bayanin waɗannan shekaru goma sha biyar.